Ku Tambaya Mu Amsa: Wai canjin yanayi ƙaryar 'yan furoje ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan iyali lahiya. Ni ɗan kabu-kabu ne nan unguwar Bagalam a Maradi. Akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wani ɗan barkwanci ya sa kwat da tabarau ya rataya kwamfuta ya tara ƙauyawa ƙarƙashin icce, wai shi ma'aikacin furoje ne, yana ce musu gyatsar shanunsu ce ta hana ruwa sauka, ya sa kowa ya dangwala hannu ga takarda, ya ɗauki hoto ya shige motarshi mai sanyi ya yi gaba. Daga ƙarshe ya tuɓe kwat ɗin ya ce jama'a kakana ya ga yunwa, ubana ya ga El Buhari, ba wanda ya ce musu canjin yanayi, ruwa na Allah ne, wannan magana hanyar ci ce kawai. Wallahi mun yi dariya a tasha har hawaye, kuma ni dai zuciyata ta kwanta da maganar tashi. Shin gaskiya ya hwaɗi ko ko?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Nima an turo min shi kuma nima na yi dariya, yaron ya iya, musamman wurin dangwala hannun nan, duk wanda ya taɓa zama taron furoje a ƙauye ya san ba ƙari ya yi ba.

Bari in fara ba shi haƙƙinshi, don akwai gaskiya a bakinshi ba kaɗan ba. Fari da ambaliya ba yau suka fara ba a ƙasar nan. Maradin da muke ciki ma ruwa ne ya koro ta nan sama, tsohon garin a fadama yake bakin Gulbi, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi aka hauro tudu aka sake yanka unguwanni, lokacin kuwa motocin garin ba su taka kara sun karya ba. Kafin nan an yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973 da 1974 wanda yana cikin abubuwan da suka yi awon gaba da gwamnatin Diori, an yi El Buhari a 1984 da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, an yi ta 2005 da aka cika cibiyoyin tamowa da yara a jihar nan. To wanda ya ce kakanni sun ga wahala bai yi ƙarya ba.

Kuma shakkar da talaka ke yi wa masu zuwa da takarda tana da tushe. Bayan farin 1973 ɗin nan manyan masana na waje cewa suka yi mu muka jawo wa kanmu, wai manomi ya sare itace makiyayi ya cinye ciyawa shi ya sa sama ta ƙi, an yi shekaru ana maimaita mana wannan a rediyo da taro har muka haddace. Sai a 2003 wani bincike ya nuna babban abin da ke juya damanar Sahel shi ne zafin ruwan tekuna, wasu binciken kuma suka nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani yana da hannu wurin tura hadari kudu ya bar mu. Ka ga kenan an ɗora wa mai akuya uku laifin da ba nashi ba ne kaɗai. Ga kuma maganar kuɗi, a taron Kofenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a ce an cika ba sai 2022, mafi yawanshi kuma bashi ne ba kyauta ba. To don Allah mutumin Mayahi da bai ga ko dala ba, in ya ce hanyar ci ce, ka ga laifinshi?

Amma inda ni da yaron nan muka raba gari shi ne tsallen da ya yi daga "akwai masu ci da abin" zuwa "abin babu shi". Waɗannan magana biyu ce daban.

Ka ɗauki farashin tiyar hatsi. Yau ta hau gobe ta sauka, da kaka ta faɗi da bazara ta tashi, haka take tun muna yara, amma in ka ɗauko kuɗinta na shekara 30 baya ka ajiye kusa da na yau ba mai ce maka ba abin da ya canza don kawai dama tana hawa tana sauka. Haka zancen yanayi yake, ba shekara guda ake dubawa ba, jeri ake dubawa. Kuma awo ne ba labari ba. Iskar da ke fita in an ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas, wadda ake kira kabon, tana riƙe zafi kusa da ƙasa ta hana shi fita, wani masani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ya lissafa haka tun 1896, babu ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta, ko ɗaya a duniya da ke cin abinci da zancen a lokacin. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sama kamar 280 ne cikin miliyan, da aka fara auna ta kullum a tsibirin Hawai a 1958 ta kai wajen 315, yanzu ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tunda aka fara rubutawa, ta ɗara zamanin da da kusan digiri ɗaya da rabi.

Za ka ce digiri ɗaya da rabi mene ne, mu da muke shan 43 a watan Afrilu muna tuƙa babur. To ai wannan matsakaici ne na duk duniya har da teku da ƙanƙara, abin da ya iso gare mu ya fi haka ciwo. Ka tuna azumin 2024? A Kayes ta Mali awo ya nuna 48.5 ranar 3 ga Afrilu, mutane sun mutu da yawa a Bamako, galibi tsofaffi, kuma masanan da suka bi diddigin wannan zafin sun ce ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba da bai kai haka ba. Sai ruwa. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, duk digiri guda tana ƙara kamar kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa in ta tashi zubarwa ba ta da sauƙi. Wani bincike na 2017 da ya bi hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982 ya gano manyan hadarin Sahel, irin masu zubar da ruwan wata guda cikin dare ɗaya, sun ninka sau uku. Kai kanka shaida ne, ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 milimita 150 suka sauka a garin nan cikin awa ɗaya da rabi, garin da duk damanarshi wajen 500 ce, mutum 15 aƙalla suka rasu a ranar, gidajen laka suka zauna, 'yan kwanaki bayan nan tsohon masallacin Damagaram ya rushe, a ƙasa baki ɗaya kusan mutum 400 suka tafi, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har komawa lakkwal sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba don mutane na kwana a azuzuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kar kuma mu yi wa kanmu ƙarya ta ɗaya gefen, ba duk ɓarnar ranar ce ta sama ba. Kanibo cike da leda da yashi, gini a kan hanyar ruwa, filin da kowa ya san tafki ne aka yanka aka sayar, wannan namu ne, ba Bature ya zuba mana leda a kwata ba. Ruwan ya ƙaru, mu kuma mun toshe mishi hanya.

Maganar ruwa na Allah ne kuwa, wa ya ce ba nashi ba ne? Ciwo ma na Allah ne amma in ka ga yaro na shan ruwan kududdufi kwaɓarshi kake. Aya ta 41 cikin Suratur Rum ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, Annabi Yusuf alaihis salam kuma da aka gaya mishi fari na zuwa rumbu ya sa aka cika shekara bakwai. Ni ban ga inda imani da ƙaddara ya hana mutum duba ma'aunin ruwa ba. Gyatsar shanu da ya yi wa dariya ma ba ƙirƙira ba ce, dabbobi masu tuƙa suna fitar da wata iska mai riƙe zafi, sai dai wanda ya tara makiyayan Dakoro ya ce su ne matsalar duniya shi ma ya cancanci a yi mishi bidiyo, don Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ake fitarwa ba.

Abin da nake so ka riƙe ƙanena, ka tambayi kanka wa ke jin daɗi in talakan Maradi ya ce babu canjin yanayi. Kamfanin mai na Exxon masananshi sun gaya wa shugabanninshi tun 1977 cewa ƙona mai zai ɗumama duniya, hasashensu ma ya zo daidai kamar yadda aka tabbatar a 2023, amma kamfanin ya yi shekaru yana ba ƙungiyoyi kuɗi su sa wa jama'a shakka. Kuma sun san ba da lissafi ake cin zuciyar mutane ba, da labari ake ci. Michael Crichton, wanda ya rubuta Jurassic Park, ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari a 2004 inda masu kare muhalli ne 'yan ta'adda, abin ya sayu ƙwarai, a 2005 sai ga shi an gayyace shi majalisar dattawan Amurka yana ba da bahasi kan yanayi, mutumin da likitanci ya karanta yake rubuta labarai. Sanatan da ya gayyace shi, James Inhofe, shi ne a 2015 ya shigo zauren majalisa da dunƙulen ƙanƙara a hannu wai ga hujja duniya ba ta ɗumama. Su can suna da rijiyar mai da suke karewa, shakkar tana biyansu. Ɗan barkwancinmu fa, me yake karewa? Shi da ruwa ya ci katangar gidansu, ya tashi yana yafe wa masu laifi bashi kyauta ba tare da ya sani ba, don in ka ce ba a yi ɓarna ba to ba ka da bakin neman diyya.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni mawaƙi ne, ina ɗan taɓa rap da Hausa, muna da ɗan situdiyo a unguwar Zariya nan Maradi ni da abokaina. Wata ONG ta kira ni in yi mata waƙa kan sauyin yanayi, sun ba ni takarda da kalmomin da dole su fito ciki, kuɗin kuma ba laifi zai biya min haya wata da watanni. Abokaina na ce min ɗan kwangila, wai masu saurarena za su raina ni. Kuma naji ana cewa mu mawaƙa da 'yan dandali mu ke ɓata tunanin jama'a kan wannan magana, anya an yi mana adalci? In karɓa ko in bari?

AMSA: Ɗana, karɓi kuɗinka in aikin ya kwanta maka, waƙa don a biya ba abin kunya ba ce a ƙasar Hausa, makaɗan fada da na noma da na maza duk da abin hannun mutane suka rayu, ba wanda ya ce musu 'yan kwangila. Amma zan gaya maka abin da ba za ka ji a atiliye ba. A ganina waƙoƙin furoje sun fi 'yan barkwanci shuka shakka a zuciyar mutane.

Ka saurari irinsu mana. Ana jero kalmomin da aka fassaro daga Faransanci a ofis, juriya, ɗorewa, wayar da kai, a tsakiya a ambaci sunan mai ba da kuɗi sau uku, a ƙare da mu dasa itace mu dasa itace, a sa a rediyo wata biyu, furoje na ƙarewa waƙa ta mutu. Manomi ba wawa ba ne, kunnenshi na rarrabe muryar wanda abu ya dama da muryar wanda aka ba takarda. In ya ji zancen yanayi sau goma kuma duk goman daga bakin wanda aka biya, me kake so ya ɗauka? Sai ɗan barkwanci ya zo da wayarshi ba wanda ya biya shi ya faɗi abin da kowa ke gunaguni a kai, dole a yarda da shi ko da rabin maganar tashi ba daidai ba ne. To amsar tambayarka ta adalci ita ce eh kuna da hannu, amma ba masu musun kaɗai ba, har da masu amshin shata.

Kuma ka sani kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mishi aski, don haka kafin ka sa hannu ka karanta takardar da kyau. In akwai layin da ke cewa manoma da mata masu icen girki su ne suka kawo hamada, ka ce a cire, rabin gaskiya ne kuma zagin uwarka ne da ke hura wuta da kara. In sun ce kar ka taɓa zancen manyan ƙasashe masu hayaƙi ko zancen filayen da aka sayar a hanyar ruwa, ka san irin aikin da aka kira ka yi. Ka nemi a bar maka baitinka ka rubuta da bakinka, su ɗauki amshi in suna so.

Abin da ke ba ni haushi shi ne labari mafi daɗi a duk wannan fage a jihar nan ya faru kuma ban ji an yi mishi waƙar da ta kama gari ba. Sassabin zamani nake nufi. Shekaru aka yi ana kashe kuɗi ana rainon dalbejiya da turare a leda ana dasawa suna mutuwa, rana ta ƙone wasu awaki su cinye saura. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki nan Maradi ya lura 'yan tsiron da muke sassabewa duk bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, abin da suke so kawai a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a sassabe sauran a bar su su tashi. Farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko tsinke, ga tsoron 'yan gandun daji tunda icce a gonarka ma kamar na gwamnati ne. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka shiga don ana ba da abinci, da abincin ya ƙare wasu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga icen girki ga makarin gini ga abincin dabbobi, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci ba taro ba fardiyam. Yau ana maganar itace kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasar nan, galibi tsakanin Maradi da Damagaram, har Rinaudo ya samu babbar kyauta a Suwidin a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Hau mota ka je wajen Ɗan Saga ta Agye da damana ka gani da idonka. Ka tsaya ƙarƙashin gawo a watan Agusta, ganye babu ko ɗaya, duk ya zubar, rana na ratsawa, hatsin da ke gindinshi ya fi na fili tsawo da duhun kore, kan shi kamar an yi mishi taki daban, kuma an yi ɗin, ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarshi da rani suna cin 'ya'yanshi. Ka zauna da tsohon da ke gonar ka tambaye shi yaushe yake shuka yana saurayi yaushe yake yi yanzu, sau nawa ya yi binne ruwa ya ɗauke ya sake, wane irin gero ya bari don ba ya kai wa, wace rijiya ta ƙafe. Ba zai ce maka canjin yanayi ba, zai ce damana ta zama mai fushi ko ta rikice, kuma abin da zai faɗa maka cikin rabin awa ya fi takardar ONG ɗin nan nama. Daga nan waƙarka za ta fito, abokanka kuma su kira ka duk abin da suka ga dama.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar firamare ce a Tibiri. Yarana na aji shida sun zo min da maganar bidiyon nan suna cewa ashe abin da ke cikin littafi ƙarya ne. Ba ya kamata hukuma ta hana irin waɗannan bidiyoyi ba?

AMSA: Malama sannu da fama da yara. A'a, ban goyi bayan hanawa ba ko kaɗan, ranar da aka kama yaron nan ranar ce kowa zai tabbata gaskiya ya faɗa shi ya sa aka rufe mishi baki, kuma yau a hana barkwanci kan yanayi gobe a hana kan farashin shinkafa. Tunda yaran sun kawo maganar da kansu ai aiki ya zo miki har gida. Ki kunna musu bidiyon a aji ku yi dariyar tare, sannan ki raba allo biyu su faɗi wace magana ce tashi za a iya aunawa wacce ce ba za a iya ba. Ki samu ma'aunin ruwan sama, ma'aikatan gona na da shi a garuruwa da yawa, in bai samu ba gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula sun isa, a kafa a fili nesa da icce da indararo, yaro guda ya riƙa rubuta awo duk safiyar da aka yi ruwa ko da hutu ne. Ki aike su gida kowa ya tambayi kakarshi shekarun yunwa da sunayensu da abin da aka ci. Sannan ki nemi alƙaluman ruwan shekarun baya wurin 'yan meteyo na Maradi, cibiyar AGRHYMET ta Yamai ma tun 1974 take wannan aikin na tara awon ruwa da amfanin gona na ƙasashen Sahel, ki sa su jera na da da na yanzu su kwatanta da hannunsu. Littafin awon kuma kar ya bi 'yan aji shida in sun fita, a miƙa wa 'yan aji biyar su ci gaba.